Alƙibla a Cikin Coci: Tafiya a Ƙasar Hangari

Hangari ƙasa ce marar teku a tsakiyar Turai. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 93,000 ne, mutanenta ba su cika miliyan goma ba, tsauninta mafi tsawo kuwa, Kekes, mita 1,014 ne kacal. Sai dai Allah ya ajiye ta a bakin hanyar rundunoni. Rumawa sun zauna a yammacinta, Mongol sun tattake ta a 1241, Turkawa sun riƙe tsakiyarta kusan shekara ɗari da hamsin, sarakunan Ostiriya suka gaje su, sannan Jamusawa da Rashawa suka yi nasu yayin a ƙarnin da ya wuce. Kowannensu ya tafi ya bar gini, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a ƙasar shi ne yadda gini guda ke sauya hannu, ya sauya addini, amma a bar shi tsaye.

Ziyarar ɗan ƙanwata da ke karatun likita a Debrecen ce ta kai ni, a watan Oktoba, lokacin da ganye ke ja yana zuba. Ya samu ɗan hutu, muka yi shawarar kada mu zauna wuri ɗaya.

Budapest gari biyu ne da Kogin Danube ya raba, Buda a kan tudu, Pest a shimfiɗe; sai a 1873 aka haɗe su da tsohon garin Obuda suka zama birni guda. A kan tudun Buda cocin Matyas take, mai rufin tayil kala-kala da ke walƙiya ko da hadari ya rufe rana. An fara gina ta a ƙarni na 13. Da Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkawa ya karɓe Buda a 1541, sai aka fitar da gumaka, aka shafe zanen bango da farar ƙasa, aka shimfiɗa dardumai, ta zama babban masallacin gari. Shekara 145 ana kiran salla a wurin, har zuwa 1686 da rundunar ƙawancen Kiristoci ta ƙwace birnin. Yau ba za ka ga alamar wancan zamani a jikinta ba, domin maginin nan Frigyes Schulek ya sake mata fasali kusan gaba ɗaya a ƙarshen ƙarni na 19. A cikinta aka naɗa Sarki Franz Joseph a 1867, da Karl, sarkin ƙarshe, a 1916. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma cunkoson masu ɗaukar hoto a bakinta ba ya barin mutum ya natsu, kuma ban daɗe ba.

Inda na samu natsuwa shi ne can arewa kaɗan, a kan wani tudu da ake hawa ta wata siririyar hanya mai daɓen duwatsu. A nan hubbaren Gul Baba yake, wani shehin ɗariƙar Bektashiyya da ya zo tare da rundunar Sulaiman ya rasu a 1541. Ana ba da labarin cewa a wajen sallar godiyar da aka yi a waccan coci da ta zama masallaci ajali ya riske shi, kuma sarkin da kansa ya halarci jana'izarsa. Ɗan ƙaramin gini ne mai kusurwa takwas da ƙubba, an kammala shi a 1548. Bayan tafiyar Turkawa limaman Katolika sun mai da shi ɗakin addu'arsu, abin da ya tsare shi daga rushewa. Gwamnatocin Hangari da Turkiyya sun haɗa kuɗi sun gyara wurin, aka sake buɗe shi a 2018, an kewaye shi da lambun furanni. Muka yi masa addu'a, muka tsaya muna kallon kogin da gadojinsa daga sama. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, na sha zuwa garin nan, wallahi ban san akwai kabarin waliyyi a cikinsa ba." Ba shi kaɗai ba ne. Kaɗan ne daga cikin ɗalibanmu suka san cewa tun 1916 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta amince da Musulunci a matsayin addinin da hukuma ta sani.

A ɓangaren Pest akwai babbar cocin Istvan, sarkin farko, wanda aka naɗa wajen shekara ta 1000 kuma ya ɗora ƙasar a kan Kiristanci. Tsawonta mita 96, daidai da na ginin majalisar dokoki, kuma lambar tana tuni da shekarar 896 da suke ƙirga zuwan kakanninsu wannan ƙasa. Ƙubbarta ta taɓa ruftawa a 1868 ana tsakiyar aiki, sai a 1905 aka gama. A cikin wani akwatin gilashi mai adon zinariya suna ajiye da busasshen hannun daman sarkin, wanda ya rasu a 1038. Masu son ƙwallo kuma su sani, a ƙarƙashin wannan coci aka binne ɗan ƙwallon nan Ferenc Puskas a 2006, wanda FIFA ke ba da kyautar ƙwallo mafi kyau da sunansa.

Gidan tarihi na ƙasa ya samo asali ne daga kyautar mutum ɗaya, Ferenc Szechenyi, wanda ya ba al'umma littattafansa da tsofaffin kuɗaɗen da ya tara a 1802. Abin da ya fi tsayar da ni a ciki alkyabbar naɗin sarauta ce, da aka ajiye ita kaɗai a wani ɗaki mai ƙarancin haske don kada ta ƙone. Siliki ce da aka yi wa aiki da zaren zinariya a 1031, kuma shekarar tana ɗinke a jikinta. Tufa ta kusa shekara dubu, ta tsallake gobara da yaƙe-yaƙe da gudun hijira, ga ta har yau ana iya bin sawun allurar waɗanda suka ɗinka ta. Kambin sarautar kuwa yana majalisa. Amurka ce ta riƙe shi bayan yaƙin duniya na biyu, ta mayar a 1978. A ɗakunan zamanin Turkawa akwai takubba da sulke da kwanonin tagulla. An rubuta bayanin ba tare da ɓoye cewa su a wurinsu lokacin asara ne ba: a yaƙin Mohacs na 1526 sarkinsu Lajos na biyu ya mutu, ƙasar ta rabu uku, garuruwa da yawa suka zama kufai.

Da yamma muka bi bakin kogi kusa da majalisa, inda aka kafe takalman ƙarfe ƙafa sittin, na maza da na mata da na yara. A hunturun 1944 zuwa 1945 'yan bindigar jam'iyyar da ke mara wa Hitler baya suna kawo Yahudawa nan, su sa su tuɓe takalma saboda takalmi na da daraja a lokacin, su harbe su su faɗa ruwa. Kafin nan, a cikin ƙasa da wata biyu na 1944, an kwashe Yahudawan Hangari sama da 400,000 a jiragen ƙasa, akasarinsu zuwa Auschwitz. Babu dogon rubutu a wurin. Ƙaramin takalmin yaro ya ishi duk mai ɗa ya fahimci abin da ya faru.

Daga Budapest jirgin ƙasa ya kai mu Esztergom, inda cocin da ta fi kowace girma a ƙasar take zaune a kan dutse tana kallon Danube. Tsawonta mita 100, an keɓe ta a 1856, kuma mawaƙin nan Ferenc Liszt ne ya tsara kiɗan bikin. Girman ya yi yawa har ciki ya yi sanyi da faɗi, ba ya shiga zuciya. Amma a gefe akwai wani ɗan ɗakin ibada na jan marmara da babban limami Tamas Bakocz ya sa aka fara ginawa a 1506. Tsohuwar cocin da yake jingine da ita ta rushe a yaƙe-yaƙe, shi kuwa ya tsira domin Turkawa sun mai da shi masallaci. Da aka zo gina sabuwar coci, a 1823, sai aka yanka shi gida 1,600, aka sa wa kowane yanki lamba, aka sake haɗa shi a cikin sabon ginin. Na daɗe ina neman inda aka haɗa duwatsun da ido. Mutanen da za su yi wannan wahala a kan ɗaki guda sun san darajar abin da suka gada.

Daga farfajiyar cocin kana hango ƙasar Sulobakiya a ƙetaren ruwa. Garin da ke can yawancin mutanensa yaren Hangari suke yi, domin yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta. Gadar da ta haɗa garuruwan biyu an tarwatsa ta a 1944, kuma sai a 2001 aka sake gina ta. Mun taka ta da ƙafa mun dawo, ba wanda ya tambaye mu takarda.

Sai Pecs, can kudu kusa da iyakar Kuroshiya. Idan mutum zai ga gari ɗaya ne kawai bayan Budapest, to ya ga wannan.

A tsakiyar babban dandalin garin akwai wani gini mai kusurwa huɗu da koriyar ƙubba, wanda ya karkace bai bi layin sauran gidaje ba. Duk Musulmin da ya gan shi zai gane dalili kafin a gaya masa: alƙibla yake kallo. Masallacin Gazi Ƙasim Pasha ke nan, wanda aka gina bayan Turkawa sun ci garin a 1543, kuma shi ne ginin Turkawa mafi girma da ya rage a ƙasar. A kan ƙubbar akwai jinjirin wata, a kan jinjirin watan kuma gicciye. Yau cocin Katolika ce. An rushe hasumiyarsa a 1766, an ƙara masa wani ɗaki mai siffar rabin da'ira ta arewa a wajajen 1939, amma ainihin ɗakin sallar yana nan. Mihrabin yana nan da adonsa na sassaƙa, da gicciye a samansa. A jikin bango akwai ragowar ayoyin Alƙur'ani da aka tono daga ƙarƙashin shafe aka bar su a fili. Kwatarniyoyin dutse na zamanin Turkawa su ne yanzu ke riƙe ruwan da masu ibada ke tsoma yatsa a ciki.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi nauyi. Wuri ne da goshin dubban bayin Allah ya taɓa ƙasa. Ɗan ƙanwata ya yi shiru, can ya ce a hankali, "Kawu, wannan ai ƙwace ne." Na ce masa ya karanta allon da ke bakin ƙofa tukuna. A daidai wannan wuri akwai cocin Bartalomi, kuma da duwatsunta aka gina masallacin. Wanda ya zo a 1543 da takobi ya zo, wanda ya zo a 1686 shi ma haka. In za mu yi kukan namu, adalci ne mu san cewa su ma sun yi kukan nasu a kan wannan fili. Abin da na ɗauka da muhimmanci shi ne abin da jikokinsu suka yi da ginin. Suna da ikon toshe mihrabin da siminti, su shafe ayoyin, su daidaita bangon da titi, kamar yadda aka yi a garuruwa da dama inda ko tubali bai rage ba. Sai suka kankare abin da aka lulluɓe, suka rubuta sunan wanda ya gina, suna kuma kiran wurin da masallaci a bakinsu na yau da kullum. Na san ƙasar nan ce ta kafa shingen waya a iyakarta da Sabiya a 2015 don tare 'yan gudun hijira, akasarinsu Musulmi, kuma na ji irin kalaman da wasu 'yan siyasarta ke yi. Wannan gaskiya ne, wancan ma gaskiya ne, kuma matafiyi ya kamata ya riƙe duka biyun.

Tafiyar 'yan mintoci daga nan akwai masallacin Yakobali Hasan, ƙarami, an matse shi tsakanin gine-gine, amma da hasumiyarsa a tsaye. Shi an mayar da shi kamanninsa na asali, kuma Musulmin garin na salla a cikinsa. A nan muka yi azahar.

Pecs ta girmi duka wannan rigima. Ƙarƙashin filin babbar cocinta mai hasumiya huɗu akwai kaburburan Kiristocin zamanin Rumawa na ƙarni na 4, da zanen da ke bangonsu, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000. Jami'ar farko a ƙasar ma a nan aka kafa ta, a 1367. Sannan akwai gidan zane-zanen Csontvary, wani mai haɗa magunguna da ya bar shagonsa ya kama zane bayan ya haura shekara arba'in. Ya yi yawo a Lebanon da Falasɗinu, ya zana kufan Ba'albak a kan ƙyallen da ya fi mita bakwai faɗi, da wata bishiyar al'ul guda da iska ta tanƙwara. Ya mutu a 1919 cikin talauci, ana yi masa kallon mai taɓin hankali. Magadansa sun yi niyyar sayar da ƙyallayen ga masu amalanke su riƙa rufe kaya, sai wani matashin magini, Gedeon Gerloczy, ya saye su duka. Launin sararin samaniyar da ke cikin zanen Ba'albak, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi a haɗe, ban taɓa ganin irinsa a hannun mutum ba. Yamma da Pecs kaɗan kuma Szigetvar take, inda Sarki Sulaiman ya rasu a cikin tantinsa a 1566 yana kewaye da ganuwar garin, aka ɓoye wa sojojinsa labarin har suka ci yaƙin.

Tafkin Balaton mun same shi bayan masu hutun bazara sun watse. Tsawonsa kilomita 77, zurfinsa kuwa a tsakaice kimanin mita uku ne, shi ya sa ruwan ke da wani launi tsakanin kore da fari. A kan zirin ƙasar Tihany da ya kutsa cikinsa akwai gidan 'yan zuhudu da Sarki Andras na farko ya kafa a 1055, kabarinsa na nan a ɗakin ƙasa. Takardar kafa gidan da Latin aka rubuta ta, amma a cikinta ne aka samu jimlar yaren Hangari mafi tsufa da ta rage a rubuce. Wurin na da kyau, iska na da sanyi, muka sha shayi muka wuce.

A Eger, arewa maso gabas, kowane yaron makaranta ya san 1552, shekarar da Istvan Dobo da mutanensa kimanin dubu biyu suka hana babbar rundunar Turkawa cin ganuwar garin, har mata suna zuba wa masu hawa tafasasshen ruwa da ƙaro. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne Turkawan sun dawo a 1596 sun ci garin, suka riƙe shi shekara 91. Hasumiyarsu na nan ita kaɗai a tsakiyar unguwa, mita 40, masallacinta an rushe shi a 1841. Matakala 97 ne a ciki, matsattsu ƙwarai, kafaɗa na gogar bango dama da hagu. Ina hawa ina tunanin ladanin da ke bin su da asuba a cikin hunturun wannan ƙasa.

Daga nan ƙasa ta baje. Hortobagy fili ne fetal na ciyawa, kimanin murabba'in kilomita 800, ba tudu ba kwari, sai sama da ta sauko ta haɗe da ƙasa ta kowace fuska. Da fadama ce da Kogin Tisza ke malalawa. Da aka yi wa kogin shinge a ƙarni na 19 sai ta bushe, ƙasar kuma mai gishiri ce, noma ya gagara, kiwo ya ci gaba da mulki. A 1973 ta zama gandun ƙasa na farko a Hangari, UNESCO kuma ta karɓe ta a 1999, ba don ciyawar kaɗai ba, har da rayuwar makiyayan. Muna cikin keken doki ɗan ƙanwata ya miƙa hannu ya ce, "Kawu, ga jigo!" Jigo ne kuwa sak, irin na masu lambu a bakin fadamunmu: gwafa a kafe, doguwar sanda a gicce, nauyi a gindi, guga a baki. Makiyayan da suna aika saƙo da shi. Yadda aka bar sandar, a sama ko a ƙasa, na gaya wa na nesa ko ruwan ya ɓaci ko jami'an hukuma na tafe.

Shanunsu furfura ne, manya, masu dogayen ƙahoni. Ƙarnuka da suka wuce ana kora su da ƙafa har kasuwannin Biyana da Nuremberg da Benis, kuma kuɗinsu ya gina garuruwa irin su Debrecen. Da tarakta ta zo aka daina buƙatar shanun huɗa, sai suka ragu har ya zama 'yan ɗaruruwa ne suka rage a shekarun 1960, kafin a farga a ceto irin. Akwai tumaki masu murɗaɗɗen ƙaho da ya miƙe sama, da mahaya masu shuɗin tufafi da ke kaɗa bulala ta yi ƙara kamar bindiga. Wasan dawakin an shirya shi ne domin baƙi, kuma ana gane hakan. Amma kiwon na gaske ne, kuma hukuma ta ɗauke shi a matsayin abin da ke tsare filin, domin in ba dabbobin ciyayi da ƙaya za su cinye shi. A kusa da tsohuwar gada mai baka tara, wadda aka gama a 1833, akwai gicciyen ƙarfe na tunawa da dubban mutanen da gwamnatin kwaminis ta kwaso daga gidajensu ta tsare a sansanonin aikin dole a wannan fili tsakanin 1950 da 1953.

Gab da magariba muka tsaya a gefen wani tafki. Tsuntsayen nan 'yan uwan gauraka, da ke yada zango a nan kowace kaka a hanyarsu ta zuwa kudu, suka fara dawowa daga gonaki. Sukan haura dubu ɗari a tsakiyar Oktoba. Layi bayan layi suke zuwa, kukansu ya cika sama tun kafin ido ya gan su, har duhu ya rufe ba su gama sauka ba. Ban ga wata coci ko gidan tarihi da ya sa ni tasbihi kamar wannan ba.

Debrecen ita ce zangon ƙarshe. Babbar cocinta ta Furotesta mabiya Kalbin ce, kuma bayan zinariya da gumakan cocin Katolika sai ka shiga ka tarar da farin bango kawai, ba hoto ba mutum-mutumi, sai mumbari da kujeru. A cikinta jagoran gwagwarmaya Lajos Kossuth ya shelanta 'yancin ƙasar daga sarakunan Ostiriya ranar 14 ga Afrilu 1849, 'yancin da sojojin Rasha suka taimaka aka murƙushe kafin ƙarshen watan Agusta. Kujerar da ya zauna na nan.

'Ya'yanmu da yawa suna karatu a Debrecen da Pecs da Szeged da Budapest, wasu shekara shida, tsakanin ɗakin kwana da aji da shagon sayen abinci. Ina roƙonsu su fita. Jirgin ƙasa na zuwa kusan duk wuraren da na ambata, ɗalibi kuma na da rangwame. A kiyaye cewa yawancin gidajen tarihi ba sa buɗewa ranar Litinin, kuɗin ƙasar forint ne ba yuro ba, naman alade da kitsensa kuma suna shiga abinci da yawa, don haka a tambaya kafin a ci; miyar kifinsu mai jan barkono ta wadatar. Wanda ke Debrecen, Hortobagy ba ta kai tafiyar awa guda daga ƙofarsa ba. Wanda ke Pecs kuwa, ya shiga ginin nan mai koriyar ƙubba da ladabi, ya gaida masu ibada a ciki, ya nemi mihrabin a bangon kudu maso gabas.